Shekarar da Na Zauna Ɗaukar Karatu Gaban Yayarku

Akwai shekara ɗaya da na so in tsallake a wannan rubutu, amma idan na tsallake ta za ku ci gaba da riƙe labarin da ba shi ba. Ku ƙanana kun san ta da shekarar da Mama ta yi ta sintiri zuwa Kalambaina. Na ji wasunku na cewa Yayarku ce ta yi jinya a ɓoye, na ji wasu na cewa ni da Babanku ne muka saɓa na rasa inda zan huce. Babu ko ɗaya. Karatu na je ɗauka, kuma abin da ya kai ni ba abin alfahari ba ne.

Kun taso kun iske ni sakatariya a wata makarantar kuɗi da ke bayan Sama Road. Da tafireta na fara aiki tun ina da ƙuruciya, da kwamfuta ta zo sai na koma kanta, tunda haruffan ba su sauya mazauni ba. Wasiƙa, jadawalin jarrabawa, sakamakon yara a ƙarshen zango, duk ta hannuna suke bi. A Unguwar Rogo har Hajiya Kwamfuta ake ce mini, ban kuwa taɓa hana kowa ba, ko da yake ni na san iyakar sanina bugawa ne da fitarwa a takarda. Ana nan sai Alhaji mai makaranta ya je wani taro a Abuja, ya ga yadda wata makaranta ke nuna sakamakon yaro da danna maɓalli ɗaya. Ya dawo ba shi da zance sai wannan. Ya ce ba zai ɗauko baƙo ya ga sirrin makarantarsa ba alhali yana da ni. Ya sa sunana a wani kwas na ƙarshen mako, ya saya mini laftof. A lokacin furfura ta riga ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalina, abokan karatuna kuwa duk sa'o'in 'ya'yana ne.

A can na fara jin cewa bayanai ma suna da rumbu kamar hatsi. Malaminmu ya ce mu ɗauka wani babban jadawali ne a cikin kwamfuta, kowane yaro da layinsa, sunansa da ajinsa da makin kowane darasi. Sai kuma fom, wato fuskar da mutum ke gani a allo, mai akwatunan rubutu da maɓallai. Tsakanin fom da rumbu akwai saƙon da ake aikawa, a ce kawo mini layin wane. Shi wannan saƙo ake kira kuweri. Ranar da ya ambaci kalmar sai da gabana ya faɗi, domin mu tsofaffin ma'aikata kuweri ɗaya muka sani, takardar tuhumar da shugaba ke ba wanda ya yi laifi. Na dage dai. Ina dawowa daga aiki in ɗora tukunya, in buɗe laftof a kan tabarma, ina kwaikwayon abin da aka nuna mana har na haɗa fom ɗina. A rubuta sunan yaro a akwatin sama, a danna Nemo, sai maki su cika akwatunan ƙasa. Ranar da sunan farko ya fito da makinsa sai da na kira Babanku daga zaure ya zo ya gani. Abu ɗaya ne ke damuna. Jefi-jefi sai wani jan rubutu na Turanci ya faɗo kan allo, komai ya tsaya. Ban gane abin da yake cewa ba, kuma ina jin nauyin ɗaga hannu a gaban yara in yi tambaya. Na shiga intanet na sami wasu 'yan layuka da aka ce idan an sa su jan rubutun ba ya fitowa. Na sa su ko'ina. Jan rubutu ya ɓace, na ce Alhamdulillahi. Ashe bakin mai kuka na toshe, na ce ya warke.

Ranar karɓar sakamako Alhaji ya sa aka kafa majigi a babban ɗakin taro, abin da ke allona ya fito ɓaro-ɓaro a jikin bango. Iyaye sun cika ɗaki, maza gefe, mata gefe. Ya yi jawabi mai tsawo, ya ce daga yau an daina kuskuren hannu, domin ɗan Adam ne ke mantuwa, na'ura ba ta ƙarya. Ya nuna ni, aka tafa. Aka fara kiran yara. Na farko ya fito daidai, na biyu ma haka. Aka zo kan wani yaro da bai taɓuka komai ba a zangon, makinsa duk a ƙasa, uwarsa ta sunkuyar da kai, aka wuce. Daga shi sai Sa'adatu Garba. Yarinya ce shiru-shiru da ke zaune wurin gwaggonta a cikin gari don karatu. Mahaifinta Malam Garba manomin shinkafa ne daga wani ƙauye a bakin fadama, ranar ya zo da farar rigarsa da ta sha guga, ya zauna a layin gaba. Na rubuta sunanta, na danna Nemo. Sunan yana nan a sama tunda ni na rubuta shi, maki kuma na nan a ƙasa. Alhaji ya karanta su da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, saboda Malam Garba bai yi boko ba. Faɗuwa a lissafi, faɗuwa a Turanci, faɗuwa a kusan komai. Yarinyar ta buɗe baki ta rufe. Uban ya miƙe, ya gyara hularsa, ya kama hannunta suka fita ta tsakiyar mutane.

Ni ban lura da komai ba sai da aka kira wani Mu'azu, makinsa suka fito iri ɗaya sak da na wanda ya gabace shi. Aka kira wata Asma'u, haka. Aka fara ƙus-ƙus, wani daga baya ya yi dariya. Daidai lokacin Madam Rifkatu ta shigo. Ita ce malamar ajin su Sa'adatu, mutuniyar Filato ce da ta daɗe a Sakkwato, kuma ƙawata ce ta cin abinci kwano ɗaya a ofis. An aike ta ne ɗauko kyaututtuka, a ƙofa ta yi kiciɓis da yarinyar tana kuka. Ta tsaya tsakiyar ɗaki da kwali a hannu.

"Alhaji, a yi haƙuri, wane sakamako ne aka karanta wa Sa'adatu? Ita ce fa ta ɗaya a ajina. Kyautarta ce ma a hannuna."

Duk idon da ke ɗakin ya dawo kaina, kuskurena kuma ga shi can a bango, ya fi ni tsawo. Na yi ta danna maɓalli, babu abin da ya sauya. Alhaji ya sa aka kashe majigi, aka koma raba takardu da hannu. Har aka watse bai dube ni ba. Wata mata da muke unguwa ɗaya ta wuce ta gabana ta ce sannu da aiki, Hajiya Kwamfuta. Ban san da wace niyya ta faɗa ba, amma tun daga ranar ban ƙara jin sunan nan ba tare da jikina ya yi sanyi ba.

Kashegari ni da Rifkatu muka ɗauki takardar sakamakon ta gaskiya da kyautar muka nufi ƙauyen. Muka iske Malam Garba a bakin gona. Ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo mana fura. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na ce laifin nawa ne, ba na yarinya ba. Rifkatu ta karanta masa takardar. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce:

"Hajiya, ban ƙi maganarku ba. Amma mai makaranta da bakinai yac ce na'ura ba ta ƙarya, gaban jama'a. 'Yan'uwana sun daɗe suna ce mani wahala nika yi da karatun ɗiyar ga, jiya kuwa wani nasu na cikin ɗakin. Yanzu in koma in ce masu an kawo takarda daga baya? Cewa za su yi an tausaya man. Abin da yaf faɗi maganar nan, shi nika son in ji ya janye ta. Ran da na'urar tag gyara bakinta, ku kira ni. Kafin nan tana gida."

Na hango Sa'adatu a bayan danga tana tsintar shinkafa a faifai. Ba ta ɗago ba.

Na nemi malaminmu na kwas, aka ce ya sami aiki ya bar gari, lambarsa ba ta shiga. Na shiga wani zauren tambayoyi na intanet, na haɗa Turancin da zan iya, na rubuta matsalata. Wani ya ce an sha yin wannan tambaya, in je in bincika. Wani ya ce wanda ya rubuta wannan abu bai kamata a bar shi kusa da kwamfuta ba. Na rufe laftof na zauna. Hutu na tafiya, Alhaji ya ce ko in gyara kafin a dawo ko a manta da zancen, amma ni ba zancen Alhaji ne ke hana ni cin abinci ba, yarinyar nan ce da faifanta. Ranar nan Rifkatu ta biyo ta gida, ta tarar da ni na zabga tagumi.

"Hajiya, ni fa ban gane ki ba. 'Yarki ta fari ba wannan ne aikinta ba? Kina da rijiya a gida kina yawo da guga a titi."

Na ce mata ba za ta gane ba.

"Na gane mana, shekara nawa nake cikinku? Kunya ce. To ki auna kunyarki da karatun yarinyar mutane, ki ga wanne ya fi nauyi."

A nan dole in tsaya in yi muku bayani, domin ku ba haka kuka taso ba. Ku na goya ku, na kira sunayenku, na yi muku faɗa, na yi muku wasa. Yayarku kuwa 'yar fari ce. Tana isa yaye Inna, mahaifiyata, ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma. Mu yadda aka tarbiyyantar da mu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta dubansa gaban mutane, ba ta zama hira da shi. Idan ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba. Na riƙe wannan da kyau har ana yaba ni a dangi. Ita Inna take kira Inna, ni kuwa Anti, kamar yadda ta ji ƙannena na faɗa. Ta yi jami'a ta karanta kwamfuta, ban je bikin kammalawarta ba. Ta yi aure suka tare a wajen Kalambaina inda mijinta ke aiki, tana rubuta wa kamfanoni manhaja daga ɗakinta, ban taɓa taka gidan ba. Idan ta zo gaishe ni, kin tashi lafiya, lafiya lau, shi ke nan. Saƙo kuwa sai dai in ba Inna ko ɗayanku. Duk watannin da na yi ina fama da kwas, ko sau ɗaya bai zo mini a rai in tambaye ta ba, kamar yadda ba zai zo wa mutum a rai ya ci da hagu ba.

Babanku na fara gaya wa. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce shi bai ga aya ko hadisin da ya hana ba, amma in ji ta bakin Inna. Inna kuwa a lokacin tana tare da mu, ƙafa ta riga ta ƙi. Na shiga na zauna bakin gadonta na faɗa mata.

"Mi kinka ce? Ki tahi gidan ɗiyar hwari ki zamna gabanta tana koya maki? Ina anka taɓa haka? Aika mata da na'urar, ta gyara ta aiko."

Na ce ko an gyara, ni ce zan riƙa aiki da ita, gobe wani abin zai ɓullo.

"To bar aikin. Girman da kinka tara shekara da shekaru za ki zubar saboda ɗiyar wani?"

Na ce ni na jefa ɗiyar wanin cikin rami. Inna ta juya fuskarta bango. Ranar Asabar na rataya jakar laftof na fita, ina jin kamar kowace ƙofa a Unguwar Rogo ido ce.

Ban sanar da ita zan zo ba, don ban san yadda zan fara ba. Da ta buɗe ƙofa ta gan ni sai ta ja da baya, ta tambaya ko Inna ce ta rasu. Na ce Inna lafiya lau. Ta shimfiɗa mini darduma, ta durƙusa can nesa ta gaishe ni, ta kawo ruwa, ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Mijinta ya gaishe ni daga waje ya sulale. Na ciro laftof na ajiye tsakaninmu, ina kallon bango na ba da labarin tun daga majigi har faifan shinkafa. A raina na so in bi shawarar Inna ta bayan gida, in bar mata abin in tafi, in dawo in tarar an gyara. Ta matso ta buɗe, ta ɗan duba, na ga ta cije leɓe. Sannan ta juyo da allon wajena.

"Anti, ba zan taɓa miki ko harafi ɗaya ba. Ke za ki gyara da hannunki, ni zan zauna nan. Fara cire waɗannan layukan da kika sa don ɓoye jan rubutu."

Na ce idan na cire zai dawo.

"Shi muke so ya dawo. Shi kaɗai ne ke gaya miki gaskiya a cikin abin nan."

Na cire. Na rubuta Sa'adatu, na danna Nemo, sai ga jan rubutu. Ta ce in karanta da ƙarfi. Ni da na haife ta, ga ni ina haɗa baƙi a gabanta ina tuntuɓe, tana gyara mini. Sai ta ɗauko takarda ta rubuta sunan da manyan baƙaƙe, ta zagaye ɗan waƙafin nan na sama da ke tsakanin Sa da adatu. Ta ce a yaren da ake magana da rumbu, da irin wannan alama ake nuna inda suna ya fara da inda ya ƙare. Ni kuwa na ɗauki abin da aka rubuta a akwati na liƙa shi kai tsaye cikin kuweri. To da rumbu ya zo kan waƙafin Sa'adatu sai ya ɗauka suna ya ƙare a Sa, ragowar kuma ta zama masa shirme, sai ya ƙi amsawa. Ya yi ƙorafi, na toshe masa baki. Fom kuma ban koya masa ya share akwatunansa kafin sabon nema ba, don haka ya bar makin yaron da ya gabata a ƙarƙashin sunan yarinyar. Abin da ya raba Sa'adatu da makaranta ke nan, ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba, da kuma tambayar da na ji kunyar yi a aji.

Ta nuna mini yadda ake barin gurbi a cikin kuweri, a miƙa sunan daban, don rumbu ya san suna ne ko da me ke cikinsa. Na rubuta, na ɓata, na sake. Da ya yi kamar ya zauna sai ta ce a gwada da wani suna mai waƙafi. Kun san sunan Yayarku, kun san yana da shi. Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, ba ta dube ni ba:

"Gwada da nawa."

Yatsuna suna kan haruffa. Na san inda kowane harafi yake ko da idona a rufe, aikina ke nan tun kafin ta yi wayo. Ba kowa a ɗakin sai ni da ita, ba ma faɗa za a yi da baki ba, bugawa ce kawai. Na daɗe a haka. Daga ƙarshe na rubuta Mu'azu. Ya fito daidai. Ta ce madalla, ya yi, ta tashi ta ce bari ta duba tukunya. Ta jima a kicin fiye da yadda duba tukunya ke ɗauka. Kunyar da na ji a ɗakin taro gaban iyaye ba ta kama ƙafar wadda na ji a kan dardumar nan ni kaɗai ba, kuma wannan karon ban san sunan da zan ba ta ba, domin abin da aka koya mini shi ne daidai na yi.

Na zaci an gama, amma ta ce in dawo Asabar mai zuwa, akwai saura. Lallai akwai. Ta tambaye ni A'isha Bello nawa ne a makarantarmu, na ce suna da yawa. Ta ce in nemo su. Na nema, ɗaya ta fito. Ta nuna mini cewa rumbu ya kawo su duka, ni ce na sa fom ya riƙa zuba kowace a kan ta gabanta cikin akwatuna guda, har sai ta ƙarshe ta rage. Da ba a yi abin Sa'adatu ba, da wata A'isha ce za ta tafi gida da makin wata. Muka yi wurin da duk masu suna ɗaya za su jeru da ajinsu a zaɓa. Wata Asabar muka koya wa fom ya ce ba a samu ba idan ba a samu ba. Wata muka hana shi karɓar maki idan an bar akwati fanko ko an rubuta harafi wurin lamba. Kullum abu ɗaya take ba ni, ta ce sauran sai wani mako. A tsakani ta fara zuba mana abinci a kwano ɗaya. Na fara sanin abubuwan da kowa a gidanmu ya sani ban da ni, cewa ba ta cin yaji, cewa tana dariya da hannu a baki kamar Babanku. Wata rana ina fama da wani layi ta ce, kamar mai zancen wani:

"Ranar da aka ba mu sakamakon firamare na zo na ɗaya. Na zo da gudu na iske ki a tsakar gida kina tankaɗe. Kika ce in kai wa Inna."

Ban tuna ranar ba. Wannan ya fi komai ci mini rai, ita ta riƙe ta shekaru, ni ko alamarta babu. Na ce mata haka aka saba. Ta ce ta sani, ta nuna mini inda na manta rufe alamar baka a layin.

A gida kuwa Inna ta daina amsa mini da baki, sai da kai. Gwaggonninku suka yi ta aike, wata ta ce ta ji an ce har kwano ɗaya muke ci, ko zamani ne ya zo da haka. A wurin biki na ji ana cewa boko ya cinye Hajiya. Girman da Inna ta ce zan zubar na zubar da shi, har yau akwai waɗanda ba su mayar mini da shi ba. Inna ta rasu bayan shekara biyu, mun shirya kafin nan, amma ko sau ɗaya ba ta tambaye ni yadda karatun ya ƙare ba.

Ana gab da dawowa daga hutu na aika wa Malam Garba. Ya zo ofishina tare da Sa'adatu da ƙanensa, wanda ke cikin ɗakin taro ranar nan. Babu majigi, babu jawabi. Rifkatu ta tsaya a gefe, Alhaji ya leƙo ya tsaya a ƙofa. Na juya musu allon, na ce Sa'adatu ta rubuta sunanta da hannunta. Ta rubuta da yatsa ɗaya, ta danna. Maki suka fito. Ƙanen ya iya karatu, shi ya karanta wa wansa. Malam Garba ya sa aka sake, aka nemo wani yaro aka dawo kanta, don ya tabbata ba liƙa su aka yi ba. Sannan ya ce to, na'ura ta janye. Ya dubi 'yarsa ya ce ta je ta gaida malamarta. Yarinyar ta dawo makaranta, amma ta daina ɗaga hannu a aji har ƙarshen shekarar, in ji Rifkatu. Wannan ban iya gyara shi ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya ban fita ba. Da hantsi wayata ta yi ƙara, ita ce.

"Anti, yau ba karatu?"

Na ce ai an gama, komai na aiki.

Ta ce to, a gaida Inna. Na ajiye wayar. Ina zaune sai lissafin ya zo mini. Mai rubuta wa kamfanoni manhaja, abin da ta yi ta gutsura mini mako-mako ba zai ci mata yini guda ba. Na yi wannan mako ina juya abin. Zuwa gidan 'yar fari don karatu an riga an zage ni a kai an gaji. Zuwa haka kawai, hannu rabbana, ba ni da ƙafar yin sa, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce na samu ba.

Da Asabar ta zagayo na ciro laftof daga jakarsa na tura shi ƙarƙashin gado. Na zuba kuka da daddawa da 'yar tsamiya a leda, na cusa cikin jakar, na rataya. Na bi ta unguwa ana ce mini Hajiya har yanzu karatun, ina cewa har yanzu. Da na isa ta karɓi jakar kamar kullum, ta ɗora a kan tebur, ta zuge. Ta daɗe tana kallon cikin jakar. Sannan ta zuge ta rufe, ta ɗauko darduma ta shimfiɗa, ta zauna a gefe guda ta bar mini gefe.